Mayafai Goma Sha Bakwai a Kan Dutsen Akaiti

Ga labarin Tutai, ƙanin matata. In a bakinsa kuka ji shi, wani abu dabam za ku ji, domin har gobe yana ba da shi a matsayin ranar da ya nuna wa tsibirin Mauke abin da ake kira ilimi. Ni dai ina wurin, da agogo a hannuna.

Matata Akaiti ta rasu a watan Yuni. Ita ce mai yanka wa matan ƙauyenmu tivaevae, zanen gadon nan mai ninki biyu da suke ɗinkawa da hannu. Takan ninke yadi gida huɗu, ta bi shi da almakashi ba tare da ta zana komai ba, in an buɗe sai ganye da furanni su baje kamar a gona. Na ƙarshe da ta yanka koren ganyen gwaza ne, wanda za a ɗora a kan farin yadi. Ta yanka, ta naɗe, ta sa a akwati. Ciwo bai bar ta ta ɗora shi ba.

Shekara na zagayowa sai bukin buɗe dutsen kabari. Kowane gida cikin dangi ya kawo mayafi, a lulluɓe dutsen ɗaya bisa ɗaya, ranar buki a riƙa kiran suna ana ɗagewa, har a kai ga na ƙasa, wanda abokin zaman mamacin ke ɗagewa da hannunsa. Na ce ganyen gwazar nan shi zai zama na ƙasa. Sai dai ban iya buɗe akwatin ba sai da ya rage mako bakwai.

Na kai wa Mama Moeroa, shugabar ƙungiyar mata, aminiyar Akaiti tun suna 'yan mata. Ta buɗe, ta daɗe tana shafa yadin, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Papa Metua, shekara guda kana kwance a kan akwati kamar kaza a kan ƙwai, sai yanzu? Ɗinkin riƙo kaɗai mako guda zai ci mana."

Ɗinkin riƙo shi ne manyan ɗinkin wucin gadi da ke tsare kowane ganye a wurinsa kafin a fara ɗinkin gaske, daga baya a zare shi. Na ce mata ta yi haƙuri. Ta ce haƙuri ba ya riƙe allura, amma za su gwada.

Ranar Talata jirgin sama ya sauke mana Tutai daga birnin Auckland, da wata jaka da sai da mutum biyu suka kama masa. Shekara ashirin da biyu ya yi a kamfanin kwali, yana shafa gam a bakin kwalaye. A faɗarsa kuwa, duk kwalin da ya taɓa fita daga ƙasar da izininsa ya fita. Bai ko cire takalmi ba ya buɗe jakar a barandata. Kwalabe arba'in ne na farin gam ɗin 'yan makaranta.

"Mijin Yaya, zare ya tashi aiki," in ji shi. "Can birni babu mai ɗinkin riƙo yanzu. Shafawa ake yi, a goge da dutsen guga, a ɗinka, a wanke, gam ya bi ruwa. Abin da tsofaffin nan za su yi mako suna yi, ni kafin shayi ya huce na gama."

Na ce, "Ka taɓa yi?"

"Na ga maƙwabciyata tana yi."

"Ta taga?"

"Mijin Yaya, mutumin da ya manne kwali miliyan tara, yadi ne zai gagare shi?"

Washegari ya same su a zauren coci, mata goma sha ɗaya a kan tabarmi, ga yadin Akaiti a shimfiɗe tsakaninsu. Ya yi musu jawabi na minti ashirin da biyar. Da ya gama ya miƙa hannu zai kama gefen yadin, Mama Moeroa ta buge hannun da bayan almakashi.

"Wannan na yayarka ne. Ga rigar matashin kai, gwada basirarka a kanta."

Ya ce ƙaramin aiki raini ne ga gwani, amma ya karɓa. Ya juye rabin kwalba a faranti, ya zaro burushin fenti daga aljihu, ya shafe rigar matashin kamar mai shafe bango, ya ɗora jan fure, ya danna da dutsen guga. Wani tururi ya tashi mai warin tsami. Da ya zo ɗaga dutsen gugar, sai ya taso da furen, furen ya taso da rigar matashin, rigar matashin ta taso da tabarmar coci.

"Kun ga riƙo," in ji shi.

"Mun gani, Injiniya," in ji wata daga baya. "Saura ka sako mana da tabarma, ta Ubangiji ce."

Da ƙyar aka ɓamɓare. Mama Moeroa ta soka allura, ta karye. Ta soka ta biyu, ta lanƙwashe. Ta tsayar da rigar matashin a ƙasa, ta tsaya da ƙafarta ba jingina.

"Tutai, wa zai kwanta a kan wannan?"

"Alluranku ne na dā. Can akwai allura mai huda fata."

"To ka koma ka kawo mana ita, mu ɗinka maka baki."

Ya kwashe kwalabensa ya fita yana cewa annabi ma a garinsu aka fi raina shi. Bai lura ba ashe talatin da takwas ya kwasa. Biyu suna ƙarƙashin siket ɗin Mama Moeroa.

Da yamma na leƙa zauren, na tarar ta huda bakin kwalba da tsinin allura, tana ɗiga gam a bayan ganyen gwaza, ɗigo ɗigo, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, can nesa da layin da allura za ta bi. Ta kwantar da ganyen, ta ɗan taɓa shi da dutsen guga mai ɗumi, ya kwanta lumus. Ba sukar fil, ba zaren da za a zare. Kafin rana ta faɗi sun gama riƙon zanen gaba ɗaya.

"Abin yana aiki," in ji ta. "In ka gaya masa, Papa Metua, ni da kai ne."

Ban gaya masa ba. Amma a Mauke in ka yi atishawa a gabas, daga yamma ake ce maka sannu. Kwana biyu tsakani Tutai ya riga ya zaga shagon ƙauye da bakin jirgi yana shelar cewa shi ya koya wa mata sana'arsu. Ya ce kuma rabin ilimin ya ba su. Cikakken ilimin shi ne a daina ɗinki kwata-kwata. Zai yi wa yayarsa nasa tivaevae a yini ɗaya, ba ɗinki ko ɗaya, a ɗora shi a saman sauran don kowa ya gani.

A barandata ya yi aikin. Ya sayo jan yadi da ruwan ɗorawa, ya yanka wasu abubuwa da ya ce furanni ne. Maƙwabcina ya leƙo ta shinge ya tambaye shi ko kaguwa ce. Kwalba tara ya juye. Ya bar shi ya sha iska ya tafi cin abinci, kaji suka bi ta kai, wata ta maƙale, sai da muka cire ta da ruwan ɗumi, ta bar masa gashin ƙirjinta a tsakiyar fure. Ya ce ado ne. Da hantsi kiyashi suka gano wurin, suka shigo layi layi tun daga gindin kwakwa, suka maƙale su ma. Ya durƙusa yana tsince su ɗaya ɗaya, gwiwar wandonsa ta kama. Ya zauna don ya ɓamɓare gwiwar, mazaunin ya kama. Ya kira ni.

"Mijin Yaya, ɗan miƙo mini zani."

"Me ya faru?"

"Babu. Gwajin ƙarfi nake yi."

A cikin zanina ya fita daga wandon, wandon ya kwana biyu a jikin furannin kafin ya yanke shi da reza. Da abin ya bushe ya jingina shi da shinge, in iska ta kaɗa sai ya riƙa ƙara kamar kwanon rufi. Karen maƙwabta ya daina bi ta hanyarmu.

Su kuwa mata suna can suna ɗinki, safe da yamma, suna waƙa suna gulma. Ranar jajibiri suka kawo mini zanen a ninke. Na ƙirga ganyen, arba'in da takwas, babu wanda ya karkace. Ba su samu wanke shi ba, amma ɗigon gam ɗin ko alama bai nuna ba.

A nan zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Dutsen ya iso a jirgin ruwa tun watan jiya, an kafa shi a kan kabarin a gaban gidana, an naɗe shi da buhu. Ni na rubuta kalmomin da aka sassaƙa, amma ban taɓa ɗaga buhun ba. Muddin ban ga sunanta a jikin dutse ba, ina iya ɗauka ta tafi tsibirin Rarotonga ne wajen 'yarmu, ta daɗe. Na yi lissafi: mayafai goma sha bakwai, kowanne minti biyu, minti talatin da huɗu ke nan tsakanina da sunan. Sun yi mini kaɗan.

Ranar buki da sassafe mata suka cire buhun ina cikin ɗaki, suka jera mayafan, na Akaiti a ƙasa, na Tutai a sama bayan an tattaka shi ya yarda ya lanƙwasa. Iska na busowa daga teku, sai suka ɗaure da igiya suka danne gefe da duwatsu, yadda aka saba. Muka shirya tafiya coci. Tutai ya ce shi zai tsaya gadi, kada awaki su zo.

"Gadi kawai," in ji Mama Moeroa. "Ka sa hannunka a aljihu."

Awa biyu da kwata muka yi a coci. Da muka dawo, jama'a cikin fararen kaya, mata da malafunsu, sai muka ga babu igiya, babu duwatsu. Iska na kaɗa rigunan mutane, amma mayafan ko gezau. Tutai na tsaye gefe cikin farin kwat, hannu a baya, yana murmushi.

"Igiya a kan kabarin yayata, kamar an ɗaure akuya?" ya ce da ni a hankali. "Na gyara. Ɗan taɓi ne kawai tsakanin kowane biyu."

"Kwalba nawa?"

"Mijin Yaya, kai komai sai ka ƙirga."

Rana kuwa ta riga ta yi awa biyu tana gasa su.

Fasto ya yi addu'a, ya buɗe takardar sunaye. Mayafin sama, Fasto ne ke ɗage shi. Ya kama gefen na Tutai da yatsa biyu cikin natsuwa ya ɗaga, bai ɗagu ba. Ya sa hannu biyu. Gefen mayafai goma sha bakwai ya taso tare kamar murfin akwati, ya koma. Fasto ya leƙa ƙarƙashi, ya dubi sama, ya dubi jama'a.

"Akwai wanda ya kafa ƙusa?"

Kai ɗari biyu suka juya wuri ɗaya.

"Ba ƙusa ba ce, fasaha ce," in ji Tutai. "Fasto, hannunka na littafi ne. Ba ni wuri."

Ya tuɓe takalmi, ya taka ƙafa ɗaya a kan simintin kabarin, ya cika hannu da yadi ya fizga. Dutsen bai motsa ba. Ya sake fizga. Daga can ƙasa na ji wata 'yar ƙara, ƙarar zare yana tsinkewa. Na san zanen da ke ƙasa.

"Tutai, sake shi."

An ce har waɗanda ke bakin ramin gashin naman buki a bayan gida sun ji ni, ni da aka shekara arba'in ana cewa in ɗaga murya in ina karatu a coci. Ya saki.

Mama Moeroa ta matso, ta lashi yatsa ta murza gefen mayafi, ta ga ya yi santsi.

"Wanda ka kawo ne, ko ka haɗa da na kafinta?"

"Nawa ne zalla."

"Allah ya so ka. Kai ka ce yana bin ruwa, ko?"

"Ni na ce."

"Ga bokiti, ga tanki. Ku kuma ku ɗora tukwane, da ɗumi ya fi saurin saki. Fasto, ka ba mu waƙa mai tsawo."

Tankin ruwan saman yana bayan gida, taku sittin da biyu. Samari suka tashi za su taya shi, ta ce duk wanda ya taɓa bokiti ba zai ci nama ba.

Bokitin farko a kan nasa mayafin ya sauka. Tunda babu ɗinki ko ɗaya, kafin a kai baiti na uku furannin suka fara sulalowa. Ɗaya ya zame, biyu suka biyo. Ya ajiye bokiti ya rungume su yana mayarwa, suna maƙale masa a ƙirji. Jan yadin mai araha ne, ya zuba, farin kwat ya koma kamar na mahauci. Wani fure ya kama shi a mazauni, da gashin kazar a tsakiya, ya yi ta kai da kawowa da shi tsakanin tanki da kabari.

"Injiniya, kaguwarka ta cije ka a baya," in ji maƙwabcina.

Masu waƙa suka kasa. Matan layin gaba suka rufe fuska da malafa, kafaɗu na rawa. Fasto ya yi tari sau uku, ya juya baya ya ce yana duba shafi.

Daga nan abin ya samu tsari. A jiƙa gefe, a yi waƙa guda, Mama Moeroa ta bi da yatsa tana rabawa, Fasto ya kira suna, mai mayafi ya zo ya ɗage nasa yana ɗiga, a shanya a shinge. Da yake ba a iya sauri, duk wanda aka kira sai ya tsaya jiran nasa ya saki, kuma tsayuwa shiru a gaban jama'a da wuya. Sai suka fara magana. Wata ta ba da labarin yadda Akaiti ta sa ta warware ɗinkin wata guda saboda ganye ɗaya ya kalli hagu. Wani ƙanen baban Akaiti ya ce tana shekara tara ta yanka labulen gidan mishan ta yi fure da shi. Wannan ban taɓa ji ba, ni da na zauna da ita shekara hamsin da ɗaya. 'Yarmu ta yi magana, ta yi kuka, ta yi dariya, mayafinta bai saki ba, ta ƙara wani labarin.

Waƙoƙin da muka haddace suka ƙare a mayafi na goma sha ɗaya, aka koma farko. Masu ramin gashi suka aiko cewa nama ya rabu da ƙashi, gwaza ta zama kunu. Tutai na ta jido. Na ƙirga masa bokiti hamsin da uku. A na talatin ya daina bayani. A na arba'in ya tambayi Mama Moeroa ko zai ɗan zauna.

"Zauna mana. In ka manne da kujera, da ita za ka ci gaba."

Ƙarfe huɗu saura minti goma aka ɗage na goma sha shida. Saura ganyen gwaza a kan fari, manne da dutse. Fasto ya kira sunana. Mama Moeroa ta miƙo mini buta, ta ja baya.

Na durƙusa. Ina zuba ruwa kaɗan kaɗan daga sama, ina bi da tafin hannu, ganye bayan ganye. Ba wanda ya yi waƙa. Ya riƙa saki a hankali, kamar yadda Akaiti take zare hannunta daga nawa in ta ga na yi barci. A kusurwar hagu ganye ɗaya ya tsinke daga ɗinkinsa, tsawon ɗan yatsa, inda Tutai ya fizga. Sauran lafiya lau. Na ɗage shi, na rungume shi jiƙe a ƙirjina, na dubi dutsen.

Sunanta na nan, ruwa ya wanke shi yana sheƙi. Na karanta har ƙasa. Na ga ashe zan iya.

Ba a yi minti ɗaya ba, sai muryar Tutai daga bayana, yana haki.

"To, ban ce muku yana wankuwa ba?"

Mama Moeroa ta cire malafarta ta bi shi da ita har bakin shinge.

Wurin cin abinci, ni na zuba wa Tutai nama da hannuna, na zaɓar masa wurin da bai ƙone ba. Mutane suka yi ta cewa Papa Metua mai yafiya ne, tarbiyyar mishan ba ta tashi a banza ba. Na bar su a haka. Minti talatin da huɗu na sa rai, ya ba ni awa huɗu da minti goma, da labarin labulen gidan mishan a kai.

Ganyen da ya tsinke, ni na gyara shi bayan zanen ya bushe. Ɗigo uku na gam, dutsen guga mai ɗumi, sannan ɗinki goma sha biyu. Ba su kai nata kyau ba, amma suna riƙe.

Shi kuwa ban taɓa gaya masa dalilin naman nan ba, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya gaya masa. Akwai buɗe dutse biyu a ƙauyenmu kafin Kirsimeti, kuma da na leƙa jakarsa, saura kwalba shida.